Wuni Guda a Tsakiyar Atlantika, Tsakanin Walvis Bay da Dakar

Duk shekara, idan lokacin zafi ya ƙare a Afirka ta Kudu wajen watan Maris ko Afrilu, manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido da suka yi watanni suna aiki a Durban da Cape Town sukan ɗau hanyar komawa Turai, kuma suna ɗibar fasinja a wannan komawar. Namu ta yamma ya bi: Cape Town, Walvis Bay a Namibiya, sannan ya miƙe sai Dakar, daga nan Las Palmas a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya. Mutumin Garwa ko Marwa ko Njamena da zai shiga, sai ya tanadi bizar Afirka ta Kudu da ta Turai, ya bincika sharaɗin kowace ƙasa da za a tsaya, ya kuma riƙe katinsa na rigakafin shawara, don ana tambayarsa ga duk wanda ya fito daga Kamaru ko Cadi.

Tsakanin Walvis Bay da Dakar akwai kusan mil 3,000 na teku, mil ɗaya na teku kuwa mita 1,852 ne. Jirgin yana tafiyar mil 18 a awa, wato kilomita 33. Gudun ba wani gudu ba ne, amma ba ya tsayawa dare da rana, shi ya sa a kwana ɗaya yake cin kilomita 800, abin da ya kusa tsawon layin dogo daga Duwala zuwa Ngaundere. Kwana shida zuwa bakwai ke nan ba a ganin tudu. Ba ya shiga lungun mashigin Gini, Duwala tana can hannun dama da nisan fiye da kilomita 1,500. A irin wannan wuni ba abin da ke shigo wa jirgi daga waje: ba ruwan sha, ba lantarki, ba motar kashe gobara, ba asibitin da za a ruga. Wanda ya riƙe wannan a ransa, dokokin jirgin ba za su zame masa takura ba, don kusan kowace doka daga nan ta samo tushe.

Wunin da asuba yake farawa, ita kuwa sai an yi mata lissafi. Ɗakunan ciki, waɗanda suka fi araha, ba su da taga, duhunsu ɗaya ne dare da rana, ba ladan, ba carar zakara. Abin dogaro shi ne takardar shirin gobe da ake sakawa a ƙofa kowace yamma, don tana ɗauke da lokacin fitowar rana da faɗuwarta a inda jirgin zai kasance. A kusa da layin ikwaita, idan ka rage awa ɗaya da minti 10 zuwa 15 daga fitowar rana ka samu ketowar alfijir. Tsakiyar fitowa da faɗuwa shi ne zawali, ka ƙara 'yan mintoci ka yi azahar. La'asar tana shiga kimanin awa uku da ɗan ƙari bayan zawali, isha kuma awa ɗaya da kwata bayan magariba.

Alƙibla ta fi ba mutane wahala. Kamfas ɗin waya ba ya aiki daidai a ɗaki, saboda bango da rufi da daɓe duk ƙarfe ne, allurar sai ta yi ta yawo. Talabijin ɗin ɗaki yana da tasha guda da ke nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba, a wannan hanya digiri 315 zuwa 320 ne, wato arewa maso yamma. Alƙibla kuwa daga Walvis Bay digiri 31 ce, a inda ake ƙetare ikwaita 62, kusan daidai da ta Garwa, a Dakar 74. Saboda haka a tsakiyar tafiya sai ka fuskanci goshin jirgi, ka juya dama sosai kamar za ka kalli gefensa, ka ɗan ƙara kaɗan zuwa baya. Taswirar da ke manne a bayan ƙofar ɗaki tana nuna ina ne goshi. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin mai salla a jirgin ruwa tun da can: ya fuskanci alƙibla, idan jirgi ya juya shi ma ya juya gwargwadon iko, ya yi a tsaye in zai iya, in tangaɗi ya yi yawa ya zauna. Kasaru tana nan. Haɗa salloli biyu kuwa, a mazhabar an ambace shi ne ga tafiyar tudu, kuma gaskiya a jirgi ba abin da ke hana mutum yin kowace a kan lokacinta. Kada dai a shimfiɗa darduma a lungun ɗakuna ko kan matakala, hanyoyin gudun ceto ne, ma'aikata za su tashe ka. Idan kuna da yawa, ku roƙi ofishin karɓar baƙi ya ba ku wani ƙaramin zaure da ba a amfani da shi.

A zo da buta. Banɗakin jirgi ba shi da tiyon tsarki, kuma ba a sayar da buta a kantinsa. Masan ma ba irin na gida ba ne, da iska yake zuƙe ƙazanta, ruwan da yake sha kimanin lita ɗaya ne kacal, bututunsa kuma siriri. Takardar da suka ajiye kaɗai yake iya haɗiyewa. Ƙunzugun yara, audugar mata, tsumma, ko ɓawon lemo, idan ɗaya ya shiga sai ya toshe layin gaba ɗaya, ɗakuna da dama su rasa banɗaki har mai gyara ya gano inda abin ya maƙale. A rufe murfi kafin a danna, kuma kada a danna ana zaune.

Ruwan famfon da za ka cika butar, jiya a teku yake. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, jirgin kuwa hanya biyu yake raba su. Ko dai a tafasa ruwan da zafin da injuna ke fitarwa a tara tururin, ko a matsa shi da ƙarfi ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi wadda gishiri ba ya wucewa. Daga nan a mayar masa da ɗan ma'adini, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ɗaruruwan ton ake yi a rana. Ana shansa lafiya lau, don haka ruwan kwalba da ake ajiyewa a ɗaki, wanda kuɗi ne, ba dole ba ne.

Wajen karin kumallo, babban zauren da kowa ke ɗiba da kansa yana buɗewa tun wajen ƙarfe shida da rabi. A nan sai an buɗe ido. Naman alade yana zuwa da sunaye da yawa a kan 'yan katunan da ke gaban tire, da Faransanci ko Turanci ko Italiyanci, kuma yakan ɓuya a cikin wake, da ƙwai, da miyar taliya. Giya ma tana shiga wasu miyoyi da kayan zaƙi. Naman halal sai an nema tun wajen sayen tikiti, makonni kafin tashi, ba kowane kamfani ke kawowa ba. Wanda bai samu ba, kifi ya ishe shi, kuma hadisin teku sananne ne: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ga shinkafa, ga ƙwai, ga ganye, wani lokaci har da tuwon masarar Italiyawa da suke kira polenta. Dabarar da ta fi ita ce a gaya wa shugaban masu hidimar zauren cin dare tun daren farko. Daga ranar zai riƙa kawo jerin abincin gobe ka zaɓa, a dafa maka dabam. Da yawa daga ma'aikatan 'yan Indunusiya ne, Musulmi, da ka tambaya za su nuna maka tiren da za ka kauce wa. Yaji a gwangwani mai murfi yana gyara abinci ƙwarai. Kilishi kam a bar shi a gida, don ƙasashe da yawa ba sa bari a shiga da nama.

A ƙofar zauren akwai wurin wanke hannu da ma'aikaci a tsaye yana tuni. Kada a raina shi. Cutar amai da gudawa da ƙwayar norobairos ke kawowa tana yaɗuwa ta cokalin ɗiban abinci da ƙarfen matakala da maɓallin lif, kuma man goge hannu ba ya kashe ta sosai, sai sabulu da ruwa na daƙiƙa 20. Wanda ta kama, ana killace shi a ɗakinsa kwana ɗaya ko biyu bayan ta lafa.

Da hantsi sai a fita waje. Daga hawan da ya kai mita 30 sama da ruwa, ido yana kaiwa kilomita 20 kafin teku ya haɗe da sama, kuma sau da yawa a duk faɗin nan ba ko jirgi ɗaya. Ruwan shuɗi ne mai duhu kamar an rina, sai farar kumfar da farfela ta bari a baya, miƙaƙƙiya har inda gani ya ƙare. Wanda ya tsaya wajen goshi ya dubi ƙasa zai ga kifaye masu fiffike suna tashi garke-garke daga gaban jirgin, su yi ta shawagi dab da ruwa mita 30 ko 50, wani ya taɓa ruwa da wutsiya ya ƙara gaba, sannan su faɗa tsulum. Ni dai a ganina wannan ya fi duk wasannin da ake shiryawa a ciki, kuma kyauta ne.

Iskar waje tana da lissafinta. Kudu da ikwaita iska daga kudu maso gabas take busowa, wato daga bayan jirgin da ya nufi arewa maso yamma. Idan tana tafiyar mil 14 jirgi yana 18, abin da zai taɓa fuskarka mil 4 ne kawai, hayaƙin jirgin ma kusan tsaye yake tashi, sai gumi. Bayan Dakar labari ya sha bamban: iskar arewa maso gabas ce ke zuwa ta gaba, gudunta ya haɗu da na jirgi su kai mil 35, a rufe hawan sama. A nan hula ba ta zama a ka, babbar riga kuma tana cika da iska ta ja mutum, gara kaftani ko riga mai ɗan kama jiki. A wannan yanki ne kuma ake iya tarar da hazo a tsakiyar teku, ƙurar Sahara ce, wadda kwarin Bodele na arewacin Cadi yake cikin manyan wuraren da take tasowa. Rana kuwa a Maris da Afrilu tsaka take a kai, ruwa yana maido da haskenta, tana ƙona baƙar fata ma, musamman hanci da wuya da bayan ƙafa. Ciki kuma sanyin na'ura ne, digiri 21 ko 22, ga wanda ya baro zafin Garwa na sama da 40. Saboda shiga da fita tsakanin biyun, a riƙe rigar sanyi mara nauyi.

Ƙarfe goma sha biyu daidai kyaftin yake magana ta lasifika, a maimaita da Faransanci da wasu harsuna: inda ake, mil nawa aka ci tun jiya, nawa ya rage, zafin ruwa, zurfinsa, da ƙarfin iska a ma'aunin Beaufort mai hawa daga 0 zuwa 12. Zurfin a nan ya wuce mita 4,000. Zafin ruwan, da bai kai digiri 20 ba a gaɓar Namibiya saboda ruwan sanyi mai gudana daga kudu da ake kira Benguela, yana kaiwa 28 a ikwaita. Idan ya ce iska 3 ko 4, lafiya. Idan ya ce gobe 6 ko 7, a sha magani tun kafin a kai.

Jirin teku ba rashin ƙarfin hali ba ne. Cikin kunne akwai abin da ke auna motsi, shi yana cewa ana tangaɗi, ido kuwa yana kallon bangon ɗaki yana cewa a tsaye ake, saɓanin nan ke tayar da zuciya. Maganin farko shi ne a fita a kafa ido a inda teku ya haɗu da sama, a bar karatu da kallon waya. Jirgin yana da fikafikai biyu ko huɗu a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗin hagu da dama, amma ba sa hana goshi sunkuyawa da ɗagowa. Shi ya sa ɗakin tsakiyar jirgi a hawan ƙasa ya fi na goshi ko na can sama kwanciyar hankali, ko da na saman ya fi tsada. Ƙwayoyi irin Nautamine da ake samu a farmasi ana shan su rabin awa kafin motsi ya fara, suna sa barci, kuma idan amai ya riga ya fara ba sa zama a ciki. Akwai filastar da ake mannawa a bayan kunne mai aikin awa 72, tana busar da baki, mai hawan jinin ido kuma ba ya amfani da ita, sai da shawarar likita. Citta tana taimakawa, haka busasshen biskit. Zama da yunwa yana ƙara abin, maiƙo ma haka. A wannan hanya, fitowa daga Cape Town da gaɓar Namibiya ne suka fi motsi, wajen ikwaita yawanci lumui ne.

Ranar da aka ƙetare layin ana yin biki a bakin wurin iyo, wani ya yi shigar Neptune, abin bautar teku na Rumawan da, a shafa wa mutane fulawa da ƙwai, a sa su sumbaci kifi. Tsohuwar al'adar matuƙa ce, ba a tilasta kowa. Takardar shaidar ƙetarewa ana kawo wa kowa ɗaki, ko ya je ko bai je ba.

Abin da jirgi ya fi tsoro shi ne wuta. A wajen shiga ake karɓe dutsen guga, da butar lantarki, da rishon dafa shayi, da kyandir, da wayar ƙarin soket mai na'urar kare hawan wuta, sai ranar sauka a maido. Kasko da gawayi kuwa ba a ma maganarsu. Wata Hajiya daga Njamena da muke tare ta ce, "Malam, yanzu mutum ya yi makonni ɗakinsa ba turaren wuta?" Na ce, "Hajiya, sai haƙuri, humra da na fesawa dai ba a hana ba." Kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi a rufi, da ta ji za a gani a ɗakin tuƙi, nan take ma'aikata su iso, kuma ana iya sauke mai laifin a tasha ta gaba. Ruwan zafi na shayi yana nan kyauta a zauren abinci, a je da ganyen shayi da ƙaramin fulas. Shadda kuma sai a kai wa masu wankin jirgi su goge, kowane ɗaya da kuɗinsa, don haka yadin da ba ya yamutsewa ya fi dacewa da tafiyar. Shanya a igiyar banɗaki ake yi, ba a baranda ba. Soket iri biyu ne, na bolt 110 irin na Amurka da na 220 irin na Turai, cajarmu ta gida tana shiga na biyun.

Da la'asar sau da yawa za ka ji ma'aikata suna atisaye, a sanar cewa ba na fasinja ba ne. Alamar da ta shafi kowa ita ce jiniya gajera sau bakwai da doguwa ɗaya. Da an ji ta sai a ɗauki rigar sanyi da magani a tafi wurin taruwa da aka rubuta a katin ɗaki, ta matakala, ba ta lif ba. Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta samo asali ne a 1914, bayan nutsewar Titanic a 1912, kuma tun 2015 dole ne a nuna wa fasinja wurin taruwarsu kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Masu yara su kula da shingen gefe. Tsayinsa ya wuce mita ɗaya kaɗan, ba ya barin kowa ya faɗa sai wanda ya hau kujera ko aka ɗora shi a kai don hoto. Jefa wani abu a ruwa haramun ne a dokar teku, leda da roba musamman.

Akwai ƙaramin asibiti a hawan ƙasa, da likita da ma'aikatan jinya, amma ganin likita kuɗi ne mai yawa, ba ya cikin tikiti. A tsakiyar wannan hanya jirgi mai saukar ungulu ba ya isowa, tasha mafi kusa kuwa, Luwanda ko Abijan, tafiyar kwana guda ce ko fiye. Mai hawan jini ko ciwon suga ya zo da maganin da zai wuce kwanakin tafiya da mako ɗaya, a cikin kwalinsa, a jakar hannu, tare da takardar likita, kuma kada a shiga ba inshorar da ta haɗa da ɗaukar mara lafiya. Saboda wannan nisan ne kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, jariri kuma yawanci sai ya cika shekara kafin a ƙetara teku da shi.

Kuɗi ba ya yawo a hannu. Katin ɗaki shi ne makulli, shi ne kuma abin biya, kuma a wunin teku ne aka fi kashewa, don kantuna a buɗe suke, masu hoto suna zagayawa. Bayan haka akwai kuɗin hidima da ake cira kowane dare a kan kowane mutum, a jiragen Turai wajen Yuro 11 ko 12. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato kusan sefa 8,000 a dare, mata da miji su ninka. Ana duba lissafin a talabijin ɗin ɗaki, gara a duba kullum da yamma. Waya kuwa a sa ta a yanayin jirgin sama tun barin tasha. In ba haka ba za ta kama layin jirgin mai bi ta tauraron ɗan'adam, saƙonni da hotuna su yi ta shigowa da tsadar da ke cinye kuɗin waya cikin mintoci. Intanet ɗin jirgi dabam ake saye, ƙaramin tsari ya isa saƙon murya na WhatsApp zuwa gida.

Magariba a ikwaita ba ta jira, rana na faɗuwa duhu ya biyo. Bayan isha, a nemi gefen da fitilu suka yi ƙaranci a ba ido minti 15 ya saba. A wannan watan Kaza da 'Ya'yanta suna gangarawa yamma da wuri, taurarin nan huɗu masu siffar gicciye suna bayan jirgi ta kudu, tauraron arewa kuwa sai an haura layin da 'yan digiri yake leƙowa dab da ruwa.

Kafin kwanciya a karanta takardar gobe da kyau saboda agogo. Namibiya tana gaban Senegal da awa biyu, Kamaru da Cadi suna tsakiya, don haka sau biyu ake mayar da agogon jirgi baya da awa ɗaya, cikin dare. Jirgin kuma yana matsawa yamma kusan digiri 5 kullum, abin da ke jinkirta fitowar rana da wajen minti 20 kowace safiya. Ranar da aka mayar da agogo kuwa, asuba za ta zo da wuri da kusan minti 40 a kan ta jiya. Wayar da aka bari tana saita lokaci da kanta takan ɗauko na wata ƙasa dabam. A kashe wannan, a saita ta da hannu daidai da agogon da ke talabijin ɗin ɗaki, sannan a sa ƙararrawa.